Baƙin gilashin ɗaukar hoto

In rana ta take, haske yana yi wa na'urar ɗaukar hoto yawa. Hoto ya fito fari fat, wahalarka ta tashi a banza. Maganin wannan, baƙin gilashi ne da ake ɗaurawa a bakin na'urar. Iri biyu ne.

Na farko yana rage haske, ba ya canza launi. Mai lamba 2 yana tare rabin haske.

Na biyu yana kashe ƙyallin ruwa da na ganye. Ka bar rana a gefenka. Ka juya gilashin sannu-sannu har ƙyallin ya ɓace.

Da magariba, ka cire shi.

Hattara! Kada ka dubi rana ta cikinsa. Tana ƙone ido.