Daga Annobar 1908 Zuwa Katin Shawara: Yadda Cuta Da Yanayi Suka Tsara Unguwannin Akra

Duk ɗan kasuwar da ke tsallake iyakar Aflao ko Elubo ko Paga ya san katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara, ya kuma san irin ja-in-jar da ake yi da jami'ai ranar da aka manta shi a gida. Abin da jama'a da dama ba su sani ba shi ne, tare fatake a hanya ana tambayarsu shaidar allura ya haura shekara 100 a ƙasar nan, kuma yana da nasaba da yadda aka kafa wasu daga cikin unguwannin da muke zaune a cikinsu.

A watan Janairun 1908 ne annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta ɓulla a Akra, garin da tsofaffinmu ke kira Ankara. Ta fi yin ɓarna a tsakiyar gari wajen James Town da Ussher Town, inda gidaje ke manne da juna. Mutum zai kwanta da zazzaɓi da kaluluwa, wani kuma ta sauka masa a huhu, cikin 'yan kwanaki sai a ji an yi rashi. Gwamnatin Ingila ta turo wani masani mai suna Farfesa William Simpson, wanda a ƙarƙashinsa aka killace garin, aka rushe gidaje, aka yi wa dubban mutane allura, sannan aka hana kowa fita sai da takardar izini. Ke nan mai kaya a ka ko a kwalekwale, in ba shi da takarda, sai dai ya zauna kayansa su lalace. Mutum kusan 300 annobar ta kashe a faɗin ƙasar.

Daga wannan rushe-rushe ne aka fara tura jama'a sababbin matsugunai irin su Adabraka, sunan da ake cewa daga kalmarmu ta albarka ya samo asali. A 'yan shekarun da suka biyo baya ne kuma Malam Baƙo ya kwashi mutanensa daga cunkoson Zongo Lane ya kafa Sabon Zongo. A Kumasi ma haka aka yi a 1924: annoba ta shiga zango, hukuma ta rushe shi, aka gina sabo. A shekarar ce cutar ta ɓulla a Legas, inda aka danganta shigarta da safarar goro daga Gold Coast. Mai karatu zai lura cewa duk lokacin da cuta ta ɓarke, baƙo da fatake ake fara nuna wa yatsa, alhali ɓeran da ke cikin jirgin ruwan kamfani babu mai tambayarsa takarda.

Ta kan ruwan kuwa babbar musiba ta zo. A ƙarshen watan Agustan 1918 wani jirgi mai suna Shonga ya taso daga Freetown ya tsaya a Cape Coast, ya ƙaraso Akra a farkon Satumba da ma'aikata marasa lafiya. Murar da ya kawo ta bi hanyar jirgin ƙasa da hanyoyin fatake har ta kai arewa. Masanin tarihi David Patterson ya ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 100,000 a ƙasar cikin 'yan watanni. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, babban malamin nan haifaffen Kano, har waƙa ya rubuta a kanta.

Sai dai kuma annoba baƙuwa ce, takan zo ta wuce. Abin da ke cin mutane kullum shi ne wanda ke tafiya da yanayi. Damina a Akra takan kankama daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a watan Yuni, sannan a sami ɗan wani ruwa wajen Oktoba. Da ruwa ya kwanta a kududdufai da bakin tafkin Korle sai sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama yara. Rijiyoyi su gauraye da ƙazanta, gudawa da atini su biyo baya. Idan hunturu ya shigo a Disamba kuma, sai tari da ciwon haƙarƙari su karɓi aiki, musamman a ɗakunan da leburori ke kwana a cunkushe. Arewa nata lissafin daban ne. Can sanƙarau ke jiran rani da ƙura, kamar yadda ya yi mummunar ɓarna daga 1906 zuwa 1908, kuma da ruwan farko ya sauka sai ya lafa. Bafataken da ya taso daga Bawku ko Salaga a bazara ya iso teku a damina, ya guje wa wata cuta ne ya tarar da wata.

Me hukuma ta yi? An kawo ruwan famfo daga Weija a 1914, Gwamna Guggisberg ya buɗe asibitin Korle Bu a 1923, waɗannan ba a raina su ba. Amma babban maganin da Turawa suka yi wa kansu shi ne ƙaura zuwa Ridge, nesa da baƙar fata. Su kuwa talakawa aka bar su da 'yan tankas, wato duba-gari, masu leƙa randa da tulu, in sun ga tsutsar sauro su kai matar gida kotu a ci ta tara. A ganina, cin tarar macen da ba a kai wa famfo ba saboda ta ajiye ruwa a randa zalunci ne, ko da wace doka aka yi shi.

Nima ma a bayan iyakar gari ta tashi. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, mai sana'ar shanu, ya sami filin daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jama'a suka yi ta kwararowa neman aiki a sansanonin soja da ke kusa, unguwa ta cika ta tumbatsa zuwa Maamobi, babu tsarin titi, babu magudanar ruwa, domin majalisar gari ba ta ɗauke ta a matsayin nauyinta ba sai a shekarun 1950. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1912 a garuruwan da aka ware take aiki, saboda haka alƙaluman mace-macen da aka bari sun fi ba da labarin cikin gari fiye da na gefensa. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi gadon wancan sakaci ce, kuma kwalarar 2014, wadda ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, akasarinsu a yankin Akra, ta damina ce ita ma.

To, ina batun katin? A watan Yunin 1927 likitocin Gidauniyar Rockefeller suka ɗebi jinin wani matashi mai suna Asibi a garin Kpeve, wanda shawara ta kama amma ya warke. Daga ƙwayar cutar da aka samu a jininsa ne Max Theiler ya haɗa rigakafin a Amurka a 1937, kuma har yau zuriyar wannan ƙwaya ake tsira wa mutane a hannu. Binciken ya ci rayuka: Dakta Hideyo Noguchi, ɗan ƙasar Japan, ya mutu a Akra ranar 21 ga Mayun 1928 da cutar da ya zo nazari.

Tun daga watan Yulin 2016, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka duk wanda ya ce maka katinka ya mutu bayan shekara 10 tsohuwar doka yake karantawa. Masu sayen katin ba tare da an tsira musu allurar ba kuwa, su sani cutar na nan: a ƙarshen 2021 ta ɓarke a yankin Savannah, ta kashe mutane gommai, yawancinsu makiyayan da ba a taɓa yi wa rigakafi ba.