Taraktarka Ce, Amma Makullin Gyaranta Na Hannun Wani

Manoman da suka yi aiki da tsohuwar tarakta ƙirar Steyr, wadda a da ake harhaɗawa a Bauchi, sun san cewa idan ta tsaya a gona a Roni ko Gwiwa, makanikin Kazaure da sifanarsa ya isa ya tashe ta. Sababbin taraktoci da motocin ɗaga kaya na masana'antu ba haka suke ba. A cikinsu akwai 'yar kwamfuta mai lura da injin. Da zarar ta hangi matsala sai ta rage masa ƙarfi, kuma ko an sauya abin da ya lalace, sau da yawa ba za ta sake shi ba sai an jona ta da manhajar da kamfani ya keɓe wa dillalansa.

Ɗalibin ilmin halittu zai tuna da masara mai aure: tana yabanya, amma 'ya'yanta ba sa gadon kyawunta duka, don haka kowace shekara sai an sayi sabon iri. Can ƙa'idar gado ce ta hukunta haka. Nan kuwa mutum ne ya rufe ƙofar da gangan.

A Amurka, jihar Kolorado ta kafa doka a 2023 wadda ta tilasta wa kamfanoni ba manoma kayan gyara da manhaja, kuma a Janairun 2025 hukumar cinikayya ta tarayya ta kai kamfanin John Deere ƙara kan wannan batu. Mu namu ya fi tsanani, domin daminarmu gajeruwa ce. Idan tarakta ta tsaya a Babura lokacin huɗa, kafin dillali ya iso daga Kano ƙasa ta bushe.