Kafin Ka Aika da Maƙala Zuwa Mujallar Tauhidi

Fastoci da yawa sukan ɗauki wa'azin da ya taɓa zukatan 'yan ikilisiya, su gyara shi kaɗan, su aika wa mujallar bincike. Yawanci akan mayar musu da shi. Wa'azi yana shelar gaskiyar da aka riga aka sani. Maƙala kuwa takan ɗauki tambaya ɗaya, ta nuna abin da masana suka faɗa a kanta, sa'an nan ta ƙara wani abu da hujja.

Ƙaramar tambaya ta fi. Maimakon "Alherin Allah" gaba ɗaya, bincika yadda Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ya yi amfani da kalmar "alheri" cikin Romawa, da abin da Bahaushe yake ji idan an faɗe ta. Nan kake da abin da masanin Turai ba shi da shi.

Karanta fitowar baya ta mujallar da kake nufi, ka bi ƙa'idodinta. Edita yakan cire sunanka, ya ba masana biyu su auna aikin, abin da yakan ɗauki watanni. Kada ka aika wa wata mujalla kafin amsa ta zo. In sun ce ka gyara, ba ƙi ba ne; amsa kowace magana tasu, har wadda ba ka yarda da ita ba.