Ƙyallin Haske a Idon Kyamara da Hanyoyin Rage Shi

Ƙyallin idon kyamara shi ne hasken da ke kauce wa hanyar da aka tsara masa, ya yi ta kai da komo tsakanin gilasan da ke jere a cikin idon kafin ya sauka a kan allon da ke karɓar hoto. Yakan bayyana ta fuska biyu: ko dai ya zama farin hazo da ke lulluɓe hoton ya kashe masa launi, ko kuma ya fito a matsayin ɗige-ɗige da zobba masu launin kore ko ja, jere daura da inda rana ko fitila take.

Tushen matsalar yana cikin ɗabi'ar gilashi, domin kowace fuskarsa da ba a yi wa shafe ba tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata, alhali idon kyamarar zamani, har da na wayar salula, yana ɗauke da fuskoki da dama. Tun a ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya yi bayanin dawowar haske da karyewarsa a littafinsa Kitabul Manazir, amma sai a 1935 Alexander Smakula na kamfanin Carl Zeiss a Jamus ya samar da shafe mai matuƙar siranta da ke rage wannan dawowa. Shafen yau mai hawa-hawa yana saukar da ita ƙasa da kashi 1, sai dai bai kawar da ita ɗungurungum ba.

Mai ɗaukar hoto a Ƙofar Guga, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina, yana fama da yanayin da ke ƙara tsananta lamarin. Birnin yana kusan digiri 13 arewa da layin tsakiyar duniya, don haka rana takan tsaya cak a ka wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, kwanon rufi da gilasan motoci su riƙa kashe ido, da hantsi da la'asar sakaliya kuwa ta sunkuyo ta shiga idon kyamara kai tsaye. Da hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi takan kwanta a kan gilashin, idan kuma ta haɗu da maiƙon yatsa, sai fitilar babur ɗaya da dare ta ja dogon zare ta ratsa hoton.

Magani na farko shi ne matsayi, wato a bar rana a baya ko a gefe, ko a raɓe a inuwar ginin ƙofar ko ta bishiya ta yadda haske zai sauka a kan abin da ake ɗauka ba tare da ya taɓa gilashin ba. Hular ido, wato baƙin zoben da ake ɗaurawa a bakin kyamara, tana tare hasken gefe, mai waya kuwa tafin hannunsa ya wadatar. Gilashin tace ƙyalli, wanda ake murzawa a hankali, yana rage walƙiyar ruwa da gilashin mota, amma ba ya tasiri sosai a kan zallar ƙarfe. Wajen tsabta, ana fara hure ƙurar kafin a goge da ƙyalle mai laushi, domin gogewa da bakin riga tana karce shafen, ta mayar da ƙyallin wucin gadi na dindindin. Manhajar gyaran hoto tana iya farfaɗo da launi, amma ba ta iya dawo da fuskar da haske ya riga ya cinye, saboda haka gyaran gaskiya kafin a danna ake yin sa.