Almara da 'Yan'uwanta: Tambayoyi Masu Ɗaure Kai

   

Uwargida, hirarmu ta yau a kan wata kalma ce da ba kya rasa faɗa, wato "almara". In maƙwabciya ta shigo da labarin da hankali bai ɗauka ba, sai ki riƙe haɓa ki ce, "Wannan ai almara ce." In maigida ya dawo daga kasuwa ya faɗi kuɗin buhun gero, ki ce, "Kai, abu kamar almara!" A bakinmu na yau dai almara ta zama ƙarya, ko abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. To amma a wurin mutanen da, kalmar tana da wani aiki daban. Almara labari ne gajere da ake ƙulla shi da gangan, a ƙarshe a jefo miki tambaya mai ɗaure kai, a ce ke ki warware. Tana kuma da 'yan'uwa biyu, kacici-kacici da tambayar malamai. Su ukun nan nake so mu bambance yau, domin kowace da irin amsar da take nema.

Bari mu fara da wanda kika fi sani. Kin tuna lokacin da ake baje tabarma a tsakar gida bayan an ci tuwon dare, kaka ta ce, "Ƙulunƙulufit," yara su haɗa baki su ce, "Gauta"? Sai ta ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Mai kaifin kai ta ce tsintsiya. "Baba na ɗaka, gemunsa na waje." Wuta da hayaƙi. "Tsumagiyar kan hanya, fyaɗe yaro, fyaɗe babba." Yunwa ke nan, Allah Ya raba mu da ita. Wadda ta kasa kuwa sai a ce ta ba da gari. In ta ce ta ba da wani ɗan ƙauye, kaka ta ce ba ta so, sai an ƙaro. Har sai an ce, "Na ba ki Maigatari da kasuwarta ta ran Alhamis, da shanunta da raƙumanta," sannan ta karɓa ta faɗi amsa.

Wannan shi ne kacici-kacici, kuma tsofaffi da yawa tatsuniya suke ce masa, ba su raba shi da tatsuniya mai labari. Abin lura a nan shi ne amsarsa ɗaya ce tak, kuma tana hannun mai tambaya. Ko kin kawo abin da ya fi nata dacewa, in ba shi ne wanda aka gada ba, kin faɗi. Shi ya sa da zamani ya zo, aka ɗauki sunan aka ba gasar tambayoyi ta 'yan makaranta da ta gidajen rediyo, inda alƙalin gasa ke riƙe da takardar amsa.

Ita almara ba haka take ba. Don ki gane, bari mu leƙa tsofaffin littattafai. Tsakanin 1911 da 1913 wani Bature ma'aikacin mulkin mallaka, Frank Edgar, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa har juzu'i uku a birnin Belfast. Sunansa ne a bango, amma malaman Hausa ne suka rubuta yawancin abin da ke ciki da ajami, da dama daga ƙasar Sakkwato, shi kuma ya mayar da shi boko. A ciki akwai tatsuniyoyi da labaran sarakuna da karin magana, akwai kuma gajerun labarai da ke ƙarewa da tambaya, ba a ba da amsa ba. Irin waɗannan ne malaman adabin Hausa ke kira almara. A 1913 ɗin nan kuma wani Baturen, R. S. Rattray, ya fitar da littafi juzu'i biyu na labaran da wani malami mai suna Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Ghana yanzu. Kin ga ashe har can Hausawa suka kai hirarsu.

Ga ɗaya daga cikin na Malam Shaihu, a taƙaice, da bakina. Wani sarki yana da 'ya'ya maza uku, ya so ya ga wanda ya fi gwaninta. A ƙofar fada akwai wata ƙatuwar kuka. Ya sa suka hau dawakai suka yi nisa, sannan su sukwano ɗaya bayan ɗaya. Babban ya soki kukar da mashi, mashin ya huda ta ya fita, shi ma ya bi ta kafar da dokinsa ya wuce. Mai bi masa ya ja linzami ya tsallake kukar gaba ɗaya. Autan ya zo ya tumɓuke ta da saiwarta, ya ɗaga ta sama yana yi wa ubansa jinjina da ita. To, wa ya fi? Malam Shaihu bai faɗa ba. Ya jefa wa mai karatu tambayar, ya rufe labarinsa.

Ki duba fa. Babba ya nuna iya saiti, na tsakiya ya nuna iya doki, auta ya nuna ƙarfi. Wata za ta ce auta ne, ai shi aka fi yi wa sowa. Wata ta ce a'a, ai ya raba garin da inuwa da miya, ina amfanin ƙarfin da ya tumɓuke kukar ƙofar gida? Wata kuma ta ce na tsakiya ne mai hankali, tunda ya yi bajintarsa bai taɓa ko ganye ba. Nan fa hira za ta yi daɗi har dare ya raba. Kowa ya san ba wanda ya taɓa bin kafar mashi da doki, kuma ba wanda ya damu da hakan, domin ba a ba da labarin don a gaskata ba, an ba da shi ne don a yi alƙalanci. A ganina ta nan ne ma'anar kalmar ta zame mana. Da muka daina zaman warware tambayar, sai abin mamakin kawai ya rage a kunnenmu, almara ta koma sunan duk abin da ba ya yiwuwa.

Ga wata kuma da ake ji a wurare da dama na Afirka, ita ta fi kusa da ɗakinki. Wani mutum da matarsa da uwarsa da surukarsa, duk su huɗun makafi ne. Suna cikin tafiya sai ya tsinci idanu bakwai. Ya ba matarsa biyu, ya sa wa kansa biyu, ya ba uwarsa ɗaya, ya ba surukarsa ɗaya. Saura ɗaya a hannunsa, ga tsofaffi biyu kowace na dubansa da ido guda. In ya ba uwarsa, da wane ido zai dubi matarsa da uwarta? In ya ba surukarsa, ina haƙƙin wadda ta haife shi? Uwargida, wa zai ba?

Na san wata ta riga ta ce uwa, ba wata magana. To madalla, amma ki tambayi kanki, lokacin da kika amsa, kin tsaya ne a matsayin uwar miji ko a matsayin uwar mata? Mai ɗa namiji da mai 'ya mace ba lalle amsarsu ta zo ɗaya ba. Wata mai dogon tunani kuma za ta ce, me ya hana shi ya cire nasa ɗaya, tsofaffin su sami bibbiyu, shi ya zauna da guda? Kin ga amfanin almara ke nan. Tana tona inda son ranki yake, tana kuma koya miki ki ji ta bakin kowa kafin ki yanke.

Kada ki ce wasa ne kawai. Gidajenmu cike suke da irin wannan ƙulli. Maigida ya shigo da turmin atamfa ɗaya, ga mata biyu. Kuɗin da ke hannu na magani ɗaya ne, ga tsohuwa kwance, ga yaro ba lafiya. 'Ya'yanki biyu sun kawo ƙara, kowa da gaskiyarsa. Wadda ta ɗauki irin wannan kamar kacici-kacici, ta ce amsa ɗaya ce kuma tata ce, ita ke kunna wutar da ba ta mutuwa da wuri. Wadda ta gane almara ce a gabanta za ta sassauta, ta auna, ta kuma yi wa maigida uzuri in ta ga ya yi shiru yana juya ido ɗaya a hannu.

Saura ta uku, tambayar malamai, wadda Larabawa ke kira lugzu. Malamanmu na zaure da suka yi nisa a lugga suna karanta wani littafi da suke kira Muƙama, na Hariri, mutumin Basra a ƙasar Iraƙi, wanda ya rasu a 1122. Muƙamomi hamsin ne a ciki, kuma ta 15 an gina ta ne a kan wata tambayar gado da ta gagari masana. Ga ta da Hausa. Wani mutum ya rasu ya bar ɗan'uwansa shaƙiƙi, Musulmi, ɗa ba bawa ba. Ya kuma bar matarsa, ita ma tana da ɗan'uwa. Da aka zo rabo, matar ta ɗauki rabonta, ɗan'uwanta ya kwashe sauran duka, ɗan'uwan mamaci bai sami ko ƙwandala ba, kuma shari'a ta ce daidai ne. Yaya aka yi ƙanin mata ya ci gadon miji?

Ki natsu ki bi ni a hankali. Mamacin yana da ɗa namiji da ya haifa da wata matar dabam. Wannan ɗa ya auri uwar matar ubansa, abin da shari'a ba ta hana ba, tunda ba kakarsa ba ce. Suka haifi yaro namiji, sannan ɗan ya riga ubansa rasuwa. To wannan yaro fa? A wajen matar ƙaninta ne, uwarsu ɗaya. A wajen mamacin kuwa jikansa ne ta wajen ɗa namiji. Jika ta wajen ɗa yana tsayawa matsayin ɗa, yana kuma katange ɗan'uwa daga gado. Don haka matar ta karɓi tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas, jika ya ɗauki saura.

Kin ga wannan amsarta ɗaya ce, amma ba a samunta da canka, ba a kuma samunta da ra'ayi. Sai da ilmi. Ki kuma lura da yadda yaro ɗaya da ba a ambata ba ya juya rabon duka. Mace tana da rubu'i, kashi ɗaya cikin huɗu, in mijinta bai bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji ba. In ya bari, tumuni ne nata, kuma in su biyu ne ko uku ko huɗu, wannan kason za su raba a tsakaninsu. Saboda haka in maganar gado ta taso, ko ta saki, ko idda, ko shayarwar da ke haramta aure, kada ki bari a yanke miki ita a tsakar gida da "ni dai a ganina". A kai wa malami masani ko alƙali, a kuma faɗa masa kowa da kowa, kada a ɓoye mutum ɗaya. Mata nawa ne suka rasa haƙƙinsu don an mayar da tambayar ilmi hirar almara, mai ƙarfin murya ya yi rinjaye?

Kada kuma kunya ta hana ki. Imamu Buhari ya ruwaito cewa wata rana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne, amma da ya ga shi ne ƙarami a wurin sai ya ji kunya ya yi shiru, har Annabi ya faɗi amsar da kansa. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyadina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi a kan dukiya mai yawa. Buhari ya kawo wannan hadisi a babin malami ya jefa wa ɗalibansa tambaya don ya gwada su, ya sake kawo shi a babin kunya wajen neman ilmi, inda ya ambaci yabon da Nana A'isha ta yi wa matan Madina cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Ke ma in kina da tambaya, ki aika ta hannun maigida, ko ki kai wa malamar Islamiyya. Zaman kulle bai kulle bakin tambaya ba.

Ga roƙona kafin mu rabu. Yau da daddare, in an ci an sha, a ajiye waya a kashe talabijin na ɗan lokaci, ki tara yara ki ba su labarin kukar nan ko na idanu bakwai. Kada ki yi saurin gaya musu naki ra'ayin. Ki bar kowa ya faɗi nasa da dalilinsa, har 'yar autar da ba ta cika magana ba. Za ki sha mamakin abin da ke cikin kansu.

Ni kuma ga tawa, daga cikin almarar da ke da mafita in an yi tunani. Wani mutum ya iso bakin kogi, mu da ba mu da babban kogi mu ɗauka na Haɗeja ne, yana tafe da kura da akuya da damin harawa. Kwalekwalen ba ya ɗaukar sai shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, kin san sauran. In ya bar akuya da harawa, haka nan. Yaya zai ƙetare da su duka lafiya? Ki juya ta a ranki kina tankaɗe. Wadda ta kasa ta ba ni gari, amma ku sani, in ba Gumel ba ce da Lautai ɗinta, ba na karɓa.

Allah Ya ƙara mana fahimta, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya shirya mana zuriya. Sai wani jiƙon. Wassalamu alaikum.