Ka Bar Kamfanin, Ka Tafi da Lambarka

Duk farkon zango sai saƙon nan ya fara yawo a guruf-guruf ɗin aji: "Jama'a na canza layi, ga sabuwar lambata, a yi sebin." Dalilin kusan ɗaya ne. Ɗalibi ya taho da layin da sabis ɗinsa ke cika maƙil a garinsu, ya shigo hostel ya tarar sai ya leƙa taga ko ya hau bene kafin kira ya shiga. Wani kuma gani ya yi abokin ɗakinsa na sayen data da rangwame a wani kamfanin. Sai a sayi sabon sim, a jefa tsohon cikin akwati. Ni dai a ganina an gudu ne ba a tsira ba, domin akwai hanyar barin kamfani ba tare da an bar lamba ba, kuma ta haura shekara goma da samuwa.

Ranar 22 ga Afrilun 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ƙaddamar da tsarin ƙaura da lamba, wanda ake taƙaita sunansa da MNP. Kafin nan, tun zuwan GSM a 2001, farkon lamba shi ke nuna gidansu: 0803 ta MTN ce, 0805 ta Glo, 0809 ta Etisalat wadda ta koma 9mobile. Masu 0802 kuwa sun sha sauyin suna, daga Econet zuwa Vmobile, Celtel, Zain, har Airtel, lambarsu ba ta motsa ba. Abin da tsarin 2013 ya kawo shi ne, yanzu kai ne za ka iya motsawa lambar ta biyo ka. Akwai rumbun bayanai guda na tsakiya da duk kamfanonin ke dubawa. Idan an kira ka, ba farkon lambar ake bi ba, rumbun ake tambaya: wannan lamba yanzu a hannun wa take? Sai a miƙa kiran can. Mai kiranka bai ma san an yi ba.

To me ya sa na damu da lamba haka? Ka zauna ka lissafa inda ka taɓa rubuta ta. Da ita ka tura NIN ɗinka zuwa 55019 ka samu lambar furofayil ta JAMB. Ita ce a jikin BVN ɗinka, ta nan alat ke shigowa idan an turo kuɗin makaranta daga gida, ta nan banki ke aiko lambobin sirrin da ake tabbatar da tura kuɗi. Ita ce a fotal ɗin makaranta, a fom ɗin SIWES, a rajistar bashin karatu na NELFUND ga wanda ya nema. Wanda ya gama ND ya bar ta a takardun neman gurbin IT, ba ya nan lokacin da za a kira a ji layi a kashe. 'Yan HND kuma NYSC na jiran su da ita. Ga WhatsApp, ga Facebook, ga imel.

Kuma sim ɗin da ke akwati ba zaman jiranka yake yi ba. Layin da ya yi wata shida ba kira, ba saƙo, ba kati, kamfani na da damar rufe shi, idan shirun ya ci gaba a sake sayar da lambar ga wani. Wannan wanin shi zai riƙa karɓar alat ɗinka, ya san sunanka da abin da ya rage a asusunka. Wanda ba ya tsoron Allah, nan ya samu bakin zaren.

Yadda ake ƙaurar ba wuya. Ba tsohon kamfanin za ka je ba, ba sai ka yi musu sallama ba. Ofis ko shagon da kamfanin da kake son komawa ya amince da shi za ka nufa, da ƙafarka, da wayarka da sim ɗin yana aiki a ciki, da NIN ɗinka. Za ka cike fom, a tantance kai ne mai layin, sannan a ce ka tura kalmar PORT zuwa 3232 daga lambar da za a ɗauke. Saƙon kyauta ne, ƙaurar ma kyauta ce. Za a ba ka sabon sim, ka ci gaba da amfani da tsohon har saƙo ya zo cewa an kammala, sai ka ga sabis ɗinsa ya ɗauke, ka cire ka sa sabon. Ƙa'idar ita ce kada a wuce awa 48. Wanda ya ce ka turo masa kuɗi zai yi maka daga ɗaki ta waya, ka riƙe kuɗinka, ka riƙe lambobinka.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen suna, kuma nan ne ya fi shafar mu ɗalibai. Da yawanmu tun muna sakandare muka samu layi. Baba ne ya yi rajista, ko Yaya, ko kuma a bakin titi aka saye shi da rajistarsa ta wani da ba a taɓa gani ba. Kai ka shekara shida kana amfani da shi, kowa ya san lambarka ce, amma a kwamfutar kamfani ba taka ba ce. Tun da aka wajabta haɗa layi da NIN a Disambar 2020 abin ya ƙara tsauri: idan bayanan da ke kan layin ba su dace da na wanda ya zo ba, ba za a saki lambar ba. 'Yan mata ma ku duba, layin da Yaya ya sayo muku a wuce, sunan wa ke kai? Idan na wani ɗan gida ne, ku je ofishin kamfanin tare a lokacin hutu a mayar da shi sunan mai amfani da shi. Ko ba za ka yi ƙaura ba wannan gyaran ya zama dole, domin ranar da waya ta ɓata, da shi za a yi maka welkam-bak. Idan kuwa mai rajistar ba a san shi ba, gara tun yanzu ka buɗe layi da sunanka, ka bi banki da sauran wuraren ɗaya bayan ɗaya ka sauya, tun tsohon yana hannunka.

Lamba ce kaɗai ke ƙaura, kayan ɗaki ba sa bin ta. Ragowar katinka, datarka, bonas, duk a tsohon gida za su tsaya, don haka ka cinye abinka kafin ka tafi. Idan ka ranci kati ka biya, kada ka bar abin da zai kawo tsaiko. Lambobin mutane da ke ajiye a kan sim ka kwashe su zuwa waya ko imel. WhatsApp ba ruwansa, tunda lambar ba ta canza ba. Lambobin yau da kullum ma ba sabon hadda za ka yi ba, tun 2023 an daidaita su a duk layuka: *310# duba kuɗi, *311# sa kati, *312# sayen data.

Abu ɗaya da ke cin kuɗin mutane bayan ƙaura: sayen kati ta manhajar banki ko wajen mai POS. Wasu manhajojin da sun ga 0803 sai su zaɓi MTN da kansu, alhali ka koma wani wuri. Ka riƙa dubawa kafin ka danna, ka kuma gaya wa masu turo maka kati daga gida, musamman Umma da za ta aiki yaro shago ta ce a sa wa lambar nan.

Shawarata, kada talla ta ɗebe ka. Sabis ba a allon talla yake ba, a ɗakinka yake. Ka ari wayar wanda ke kan layin da kake sha'awa, ka gwada a hostel da dare lokacin da kowa ke kan intanet, ka gwada a ɗakin lacca da wokshof, ka tambayi 'yan garinku yadda yake a can, tunda hutu na zuwa. Idan ka ƙaura ba a komawa washegari. Da farko wa'adin zama dole kwana 90 ne, daga baya aka rage shi, amma har yanzu makonni ne, ba kwanaki ba. Kada kuma ka tsiri abin a makon rajista ko ranar da kake jiran kuɗi daga gida. Ka bari sai an lafa.

Idan an wuce wa'adi ba a kammala ba, ko aka ƙi sakin lambar ba tare da dalili ba, ka fara da sabon kamfanin, su ne ke da alhakin bin maganar. Ka kira 300, ka karɓi lambar ƙorafinka ka rubuta. In sun yi shiru, NCC na da layin kyauta, 622, kuma wannan lambar ƙorafin za su fara tambayarka.