Almakashin Da Ƙwayar Bakteriya Take Kāre Kanta Da Shi

Ƙwayar bakteriya, wadda ba a iya ganinta sai da madubin likita, ita ma tana da abokan gāba. Akwai waɗansu ƙwayoyin bairos da ke farautarta. Sukan lafe a jikinta, su ɗura mata nasu zaren gado, watau DNA, su hayayyafa a cikinta har ta fashe.

Makamin bakteriya shi ne wani sinadari mai aiki kamar almakashi. Shi zaren gado da baƙaƙe huɗu aka rubuta shi: A, C, G da T. Almakashin da ake kira EcoRI, na bakteriyar E. coli mai zama cikin hanji, yakan bi zaren yana neman baƙaƙe shida a jere, GAATTC. Da ya iske su sai ya datse tsakanin G da A, baƙon ya mutu murus.

To, me ya hana shi yanka zaren uwargijiyarsa, alhali ita ma tana da waɗannan baƙaƙe? Dalili shi ne bakteriya takan liƙa wa nata wata 'yar alama ta sinadarin metil, kamar yadda makiyayi ke yi wa shanunsa shaida. Mai shaida ya tsira, marar shaida ya sha yanka.

Werner Arber na Suwizalan, da Hamilton Smith da Daniel Nathans na Amurka, su ne suka sami lambar Nobel cikin 1978 saboda wannan bincike.

Daga baya aka gano wata dabara, CRISPR. A nan bakteriya takan ajiye guntun zaren maharin da ta taɓa karawa da shi, almakashin Cas9 kuwa ya riƙe kwafinsa yana cigiya. Cikin 2012 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka nuna ana iya sauya kwafin, a aiki almakashin duk inda ake so.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da aka haɗa bisa wannan dabara. Ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar masu sikila. Sai dai an sa kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum guda, saboda haka tsakaninsa da talaka akwai sauran tafiya.